Kibiya Ba Ta San Iyakar Gida Ba

Waɗanda suka ja ganuwar birnin Zazzau ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun haɗa da gonaki da fadamu da kududdufai, har da dutsen Madarkaci, domin in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a sami ci da sha ba sai an buɗe ƙofa ba. Shi ya sa tsawonta ya haura kilomita 14 in ka bi ta ka zagayo inda ka faro. Baturen nan matafiyi, Clapperton, da ya sauka Zariya a 1826, ya rubuta yadda ya ga gonaki da fadamu a cikin ganuwa. Har zuwa shekarun 1980 ba a gama cike wannan sarari ba. A lokacin, in ka baro Fada da Kwarbai da Babban Dodo ka nufi kudu, wajen Ƙofar Gayan, sai ka ga gidaje sun fara tazara, kowane gida da 'yar garkarsa a baya, an kewaye da darni, an shuka rogo ko wake ko dankali.

Wannan zama na rabi birni rabi ƙauye yana da daɗi, amma yana ruɗin yaro. Ya ga ciyawa, ya ji kukan kurciya, sai ya ɗauka a dawa yake, ya manta bayan kowane darni akwai tsakar gidan wani. Ni ya ruɗe ni ina saurayi, kuma abin da ruɗin ya jawo nake so in faɗa, ko wani ya tsira da abin da ban tsira da shi ba.

Kakana maharbi ne. Bayan rasuwarsa aka rataye kwarinsa da bakansa a ɗakin da ke bayan zaure, ba mai taɓawa. A gidanmu ana alfahari da wannan gado, kuma akwai dalili. Mahaya dawaki ne suka kwashe kirari a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, amma dakarun ƙasa masu kwari da baka su ne suka fi yawa, tun kafin Malam Musa ya ci Zazzau a 1808 har zuwan Turawa. A yaƙin Burmi na 1903, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, wanda ya jagoranci sojan Ingila. Har yau akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwa da dama, kuma duk hawan salla za ka ga 'yan baka cikin ayari da kwarinsu a kafaɗa. Mun taso muna jin waɗannan labarai, muna ganin baka kamar wata rigar girma ce da aka ajiye mana.

Abin da ba mu riƙe da kyau ba shi ne labarin dafi. Kibiyar maharbin Bahaushe siririya ce, kyauro ne da ɗan ƙarfe mai kunnuwa, ba ta da nauyin da za ta kayar da babban nama da kanta. Aikin na dafi ne. Galibi daga 'ya'yan kwankwani ake haɗa shi, a daka, a dafa har ya yi kauri ya yi baƙi, kowane maharbi da abin da yake ƙarawa wanda ba ya faɗa wa kowa. Zuciya yake kamawa. Likitan ayarin Livingstone a kogin Zambezi, John Kirk, ya gane haka ne da burushin haƙorinsa ya taɓa 'ya'yan irin wannan tsiro, ya ji bugun zuciyarsa ya ragu. Daga baya, a 1885, Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya fitar da maganin ciwon zuciya daga cikinsa. Abin da likita ke aunawa da ɗigo, shi maharbi ke lafta wa bakin ƙarfe. Kuma bushewa ba ta kashe shi. Baƙin abin da ke jikin kiban kakana, wanda na ɗauka tsufa ya kashe ƙarfinsa, yana nan da ransa.

Harbi kuwa a wajen kawuna na koya, ƙanen mahaifiyata, a ƙauyensu da ke gefen kogin Galma, inda nakan je hutun makaranta. Ya koya mini yadda ake ɗana kibiya, yadda ake ɗame tsirkiya, yadda ake riƙe numfashi kafin a saki. Ina harbin kabewa har na iya. Yana da wasu ƙa'idoji da na ɗauka tsufa ne kawai. Da mun hango rufin gidajen ƙauye sai ya sassauta tsirkiya. In zai miƙa maka kibiya, bakinta yake riƙewa, ya ba ka gindin. Sau da yawa za mu yi kwanto, nama ya fito sarai, in ga ya sauke baka ya ce mu tafi. In na tambaya ya ce, "Ban ga bayansa ba." Ni a lokacin hannunsa nake kallo, ban saurari bakinsa ba.

Wata shekara da kaka ta gabato, muka lura ana cinye mana ganyen wake da na dankali a garka. Mahaifina ya ce awakin unguwa ne, a toshe darni. Na je toshewa na ga sawu a danshin ƙasa: ƙananan kofatai masu tsini, sirara, ba irin na akuya ba. Gabana ya faɗi don murna. Na ce lallai wani naman daji ne ke shigowa ta inda ganuwa ta zube, ya ratso gonaki ya zo garkarmu. Ban gaya wa kowa ba, kuma ban toshe kafar ba. So nake a wayi gari a ga jikan maharbi ya shigo tsakar gida da nama a kafaɗa.

Da asuba, ana idar da salla na zame, na sauko da kwari da baka, na tsuguna a gindin gwanda. Gari bai gama wayewa ba ta shigo ta kafar darni. Barewa ce, ja, da siririn baƙin layi a gefen cikinta. Ta tako a hankali har ta zo kusa da ni, tazarar ba ta fi tsawon ɗaki biyu ba. Ƙafata ta taka busasshen ganye. Ta ɗago kai, ta dube ni, ta kaɗa wutsiya, ta sunkuya ta ci gaba da cin wake.

Nan ne ya kamata hankalina ya dawo. Naman daji ba ya yi wa mutum wannan kallo. Barewa kuma ta arewa ce, ta ƙasar rairayi. A kewayen Zariya gada aka fi sani, ita ma ta yi wuyar gani tun a lokacin. Dabbar da ta ga mutum tsugune ta ci gaba da kiwo, ta saba da mutane. Duk na san wannan, kawu ya faɗa mini. Amma na riga na ƙulla labarin a raina, ba na son abin da zai warware shi. Na ce ai garkarmu ce, wakenmu take ci. Na ɗame, na saki.

Kibiyar ta same ta a cinya. Ta yi tsalle guda ta haye darni, ta faɗa lungu. Na bi ta da wuƙa a aljihu, ina bin ɗigon jini kamar yadda aka koya mini. A dawa maharbi yakan bi jini har inda nama ya faɗi, ya yanka kafin rai ya fita. A birni kuwa jinin ya bi lungu, ya wuce bakin masallacin unguwa, ya karya kwana, ya tsaya a ƙofar wani zaure da aka rubuta "Ba a shiga" da gawayi a samansa. Daga ciki na ji mata suna salati, yaro yana tsala kuka.

Na tsaya a nan. Da na yi sallama na ce ni ne, kibiyar tana da dafi kada kowa ya taɓa, da na rage ɓarna. Sai na juya, na bi ta baya na koma gida, na mayar da baka inda yake, na kwanta na rufa kamar mai zazzaɓi. Harbin wauta ce ta yaro. Wannan juyawar kuwa da sanina na yi ta, kuma ita ce har yau ta fi yi mini nauyi.

Abin da ya faru a cikin gidan daga baya na ji shi. Maigidan tsohon ɗan kasuwa ne. Ya sayo barewar tana 'yar jaririya a wata tafiya da ya yi wajen Maraɗi, aka raine ta da nonon akuya. A cikin gida take, shi ya sa mu samari ba mu san da ita ba, sai da ruwan Agusta ya zubar da wani gefen katangarsu ta sami hanyar fita. Akwai jan zare a wuyanta, duhu da zumuɗi suka hana ni gani. Ta faɗo tsakar gida ana hura wutar koko, kibiya na reto a cinyarta. Jikan maigidan, wanda bai isa shiga makaranta ba, ya sheƙo ya rungume ta. Kakarsa ta fizge shi, amma ya riga ya karce tafin hannu. Ba wanda ya san ko ƙarfen ne ya yanke shi ko tsagin kyauro. Barewar ta mutu a gabansu kafin a nemo namijin da zai yanka. Ganin saurin mutuwarta ya sa tsohuwar ta gane dafi ne, aka ɗauki yaro sai asibiti. Yini guda iyayensa suna zaune suna kallon numfashinsa. Allah ya taimaka kyauro ne. Ni kuwa, wanda ya san abin da ke jikin kibiyar, ina kwance a ɗaki.

Bayan isha'i maigidan ya yi sallama da mahaifina. Suka zauna a zaure, ya warware wani tsumma ya ajiye a kan tabarma. Ina jin su ta bayan ƙofa. Ya ce, "Malam, kayan marigayi na kawo. Na san wannan ɗaurin jijiya, na san wannan kunne. Na sha raka shi dawa muna samari. Amma ban taɓa ganin ya ɗana ta a cikin gari ba."

Mahaifina ya kira ni. Na durƙusa. Ya ce, "Kai ne?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Tun safe ina ka kai bakinka?" Na rasa amsa, sai na kama abin da ya rage mini, na ce, "A garkarmu na same ta, Baba, tana cin wake." Tsohon ne ya amsa, ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce, "Garkarku ce, ɗana, ba wanda ya yi musu. Amma a tsakar gidana ta faɗi."

Washegari mahaifina ya kai ni wajen wani malami a Limancin Kona, wanda yake ɗaukar karatun fiƙihu a wurinsa, ya zayyana masa komai. Malam bai yi faɗa ba. Ya rarraba maganar ne kamar yana biya wa ɗalibi. Ya ce da farko naman mushe ne. A mazhabar Malikiyya harbi yana halatta naman dajin da ba a iya kamawa sai da wahala, amma dabbar da za ka iya miƙa hannu ka kama, sai yanka. Ko da ta daji ce sosai, in aka harbe ta da dafi ta mutu ba a yanka ba, ba a tabbatar ko rauni ne ya kashe ta ko dafi ba, ba a ci. Ya ƙara da cewa Risala ta Ibn Abi Zaid ta sanya farauta don nishaɗi kawai cikin makaruhi. Na biyu, barewar tana da mai ita. Naman dajin da ya kuɓuce wa wanda ya kama shi yakan zama na wanda ya sake kamawa, sai dai in ya riga ya saba da gida bai koma daji ba, to yana nan na mai shi. Kuma a dukiyar mutane, ganganci da kuskure ramuwarsu ɗaya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, to waken da ta ci fa?" Ya yi murmushi ya ce a nan nake da gaskiya, da na bi hanyarta. Hukuncin da aka ruwaito tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabba ta ɓata da dare kuma mai dabba ke biya. Da na bi sawun nan da rana tsaka, na yi sallama na kai kuka, ko na gaya wa mai unguwa, da ni za a ba haƙuri. Na bar hakkin da shari'a ta ba ni, na ɗauki wanda ba ta ba ni ba. Sannan ya zo kan na uku, ya ce wannan Allah ne ya kare. Da yaron ya mutu, kisan kuskure ne, diyya ta hau dangina gaba ɗaya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, ni kuma azumin wata biyu a jere. Ya tuna mana cewa a Buhari da Muslim an ruwaito umarnin duk mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe bakinsu kada ya ji wa wani ciwo. Sai na tuna yadda kawu ke miƙa kibiya. Ashe ba tsufa ba ne.

Maƙwabcinmu ya ce ya yafe kuɗin. Mahaifina ya ce a'a, in an yafe wa yaro nan take ba zai san nauyin abin ba. Aka sayar da kekena aka biya. Aka kuma tura ni in durƙusa a bakin zaure in ba tsohuwar haƙuri ta bayan labule. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma da ka yi magana da safen nan, ɗan nan, da ba mu yini a tsaye ba."

Kawu da ya ji labari bai zo ba, sai da na je. Ya ce ya koya mini harbi, bai koya mini farauta ba, laifinsa ke nan. Ya ce maharbi ba ya ɗana kibiya sai ya san abu biyu: inda za ta faɗi in ta kuskure, da inda nama zai faɗi in ta same shi. In ɗaya daga ciki ya faɗa inda ba ka da iko, sauke baka. Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. A dawa haka ne. A cikin gari duka biyun masifa ce: in ka kuskure, kibiya ta tafi gidan maƙwabci ita kaɗai, in ka sami wutsiya, dabba ta kai masa ita da ƙafarta.

Da na girma na yi karance-karance, na ga wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka wani dangin barewa mai farar wutsiya ya yawaita har yana shiga unguwannin bayan gari yana cinye shuke-shuke, yana haddasa haɗarin mota. Garuruwa da dama sun yarda a rage shi da baka, tunda bindiga ba ta yiwuwa a tsakanin gidaje. Amma dubi yadda suka ɗaure abin. A jihar Niyok, har zuwa 2014, ba a sakin kibiya ƙasa da ƙafa 500 daga gidan wani sai da izininsa. A shekarar aka rage zuwa ƙafa 150. Maharbansu galibi kan hau dandamali a bisa itace su harbo ƙasa, don in an kuskure kibiya ta cake a turɓaya. Duk da haka babbar rigimarsu ita ce irin tawa: dabbar da aka harba ba ta faɗuwa nan take, takan yi gudu ta mutu a farfajiyar wani, kuma a jihohi da yawa ba ka da ikon shiga ka ɗauko sai mai wurin ya yarda. Shi ya sa masu hankalinsu ke zagaya maƙwabta su nemi yarda tun kafin lokacin farauta. Ingila kuwa dokar namun daji ta 1981 ta haramta farauta da baka ɗungurungum. Fulotin da muka saba yankawa a nan ƙafa 50 ne da 100. Ko da ma'aunin Niyok mai sassauci aka auna, da wuya a sami gida a birnin Zazzau da za a ɗame baka a bayansa ba tare da an shiga hurumin wani ba.

Yau garkokin nan sun zama ɗakuna da shaguna, sararin Ƙofar Gayan ya cike. Barewa ma ta yi ƙaranci a dajin da take, har masu lura da namun daji na duniya sun sanya ta cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu. Baka ya koma kayan hawan salla. Amma tunanin da ya sa na saki kibiyar nan bai tafi ko'ina ba. Yana nan a wajen yaron da ke harbin kurciya da danƙo a kan katangar maƙwabta, da magidancin da ya ajiye bindigar toka don gafiya ko ɓarawon kaji, da mai harba bindiga sama ranar biki kamar harsashi ba ya saukowa, da mai barbaɗa maganin ɓera a bayan gida inda kajin unguwa da yara masu rarrafe ke bi. Kowannensu in ka yi magana zai ce maka gidansa ne. Gaskiya ne gidansa ne, takarda ma tana hannunsa. Sai dai takardar ta auna ƙasa ne kawai, ba ta auna nisan abin da ya saki daga hannunsa ba.

In dabba ta dame ka a gida, toshe kafa, ka bi sawu da rana, ka tambayi maƙwabta, ka kai wa mai unguwa. In kuma ƙaddara ta riga fata, abin ya fita daga hannunka, to kada ka ƙara masa da shiru. Wanda ya yi ɓarna shi ya fi kowa sanin abin da ya saka a ciki, kuma maganarsa a sa'ar farko tana iya zama ran wani. Kuɗin barewa an biya an manta. Yinin da iyayen yaron nan suka yi a asibiti kuwa ba ni da abin biyansa, sai dai in faɗa wa na baya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya tsare mu da cutar da maƙwabci, da saninmu da rashin saninmu.